Masu Jimirin As

Duk wanda ya saba sauraron gardamar siyasa a rediyo ya taɓa jin an jefi wani da karin maganar nan: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mara gaskiya ake nufi, wanda da an taɓo zancen sata sai ya fara gyara zama. To, a ajiye ɓarawon gefe guda, a dubi kazar. Abin da ya hana mutumin nan sakat shi ne ya san da zarar wani ya ce “as!”, kazar da ke aljihun rigarsa za ta zabura, ta kaɗa fuka-fuki, ta tona masa asiri. Ba ta ga mai maganar ba, ba ta ga sanda ba, sautin kawai ta ji. Ke nan waɗanda suka ƙago karin maganar ba su da shakka kaza na jin “as”, tana kuma yi mata biyayya. Masu kiwo ne suka yi ta.

A birni “as” ta kusa zama kayan karin magana kawai. A karkarar Yekuwa kuwa, kudancin gundumar Magarya ta jihar Damagaram, daf da iyakar Nijeriya, har gobe tana cikin kayan aikin gida, ita da turmi da faifai. Ba ita kaɗai ba ce kuma: kaza da tata, akuya da tata, saniya da tata, tsuntsun gona da tasa. Iya su, da sanin lokacin faɗinsu, da sanin inda mutum zai tsaya kafin ya buɗe baki, gwaninta ce da ba a naɗa mata sarki ba, ba a yi mata kirari, ba a biyan mai ita ko dala. Ni kuwa ina ganin da za ta ɓace na damina ɗaya, da rumbuna da dama sun kwana wayam, zauren mai gari kuma bai rabu da masu ƙara ba.

Ƙasar ce ta tilasta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da rabin miliyan a gundumar Magarya, ban da fiye da dubu 350 na Dungas, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga jikin Magarya aka mai da ita gunduma. Kaɗan ne wuraren da suka kai nan cunkoso a karkarar Nijar. Saura ta ƙare, dajin kiwo ya tsuke, gona ta haɗe da gona tun daga bayan wannan gari har bayan na gaba. Iyakar gona ba ta wuce layin gamba ko na yakuwa, wani wuri aguwa. Wayar ƙarfe sai lambun mai hali. Sa'an nan babu gidan da ba dabba: awakin mata, ragon da ake turkawa don babbar salla, bijiman huɗa da na amalanke, jaki, kaji, zabi. Hatsi da masu cin hatsi gida ɗaya suke kwana, hanya ɗaya suke bi. Murya ita ce shingen talaka.

A shiga tsakar gida da hantsi, sa'ad da aka baza tsaba a tabarma ta sha rana. Tsohuwa na zaune a inuwar danga tana ɓarar gyaɗa, gefenta ma ta ba shanyar. Kaji na kewaye suna 'yan tone-tone, sai ka ce ba su san da tabarmar ba, alhali kowane tono yana matso da su taku ɗaya. Ba ta tanka ba. Sai wadda ta fi su ƙarfin hali ta miƙa wuya, ta ɗaga ƙafa za ta taka bakin tabarma. Nan ne “as!” ke fita, guda ɗaya tak, gajera, an buɗe baki da ƙarfi an rufe da huci tsakanin haƙora, hannu ya ɗan yi sama. Kaji su watse. Tsohuwa ta koma kan gyaɗarta.

A bar wa jikarta tsaron, a ga bambanci. Tun kaji na can bakin rumbu take “as, as, as”, ta ɗauki kara ta bi su har bayan ɗaki, ta dawo ta tarar da waɗansu sun hau tabarma. Kafin azahar muryarta ta dushe, kaji sun daina ko ɗaga kai.

“Kaka, kajin nan ba sa jin magana!”

“Ke dai kishiya, ke kika cika su da magana. Ki bari sai ta yi niyya.”

Rabin sana'ar yana cikin wannan amsa. Kaza ba Hausa take ji ba. Abin da ta koya tun tana ɗan tsako shi ne akwai wani sauti da, in ya fita, wani abu kan biyo bayansa: ɓawon gyaɗa, ko takalmi, ko tsintsiya. In aka yi ta faɗinsa babu dalili, babu abin da ke biyo baya, sai ta saba, ya zama ɗaya da ƙarar taɓarya a kunnenta. Saboda haka gwanar kora marowaciya ce wajen “as”. Takan adana ta sai daidai gaɓar da dabba ta yanke shawara, jefi-jefi kuma ta raka ta da ɗan jifa, don kada a manta tana da haƙori.

Bakin da ke kora shi ke kira, amma da wata murya dabam. Da la'asar, in za a watsa wa kaji ɗan tsaki, “kur-kur-kur” ake yi, a sassauta, a jera ta da sauri. Mage “mus-mus” ake yi mata. Sautukan kan ɗan sauya daga Damagaram zuwa Daura zuwa Kano, wani lokaci ma daga gida zuwa gida, amma ƙirarsu ba ta sauyawa. Wata masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, Patricia McConnell, ta bi wannan da na'urar ɗaukar murya a shekarun 1980. Ta ɗauki muryar masu sarrafa dawaki da karnuka da sauran dabbobi fiye da 100, masu harsuna fiye da goma, ta tarar kusan duk abu ɗaya suke yi: in ana son dabba ta taho ko ta ƙara sauri, gajerun sautuka ake jerawa, in ana son ta lafa, a ja sauti ɗaya mai tsawo, in ana son ta yi turus nan take, a sara mata ɗaya mai kaifi. Mai jaki a hanyar kasuwar Magarya bai taɓa jin sunan matar ba, amma haka yake yi da harshensa da leɓɓansa tun daga gida har rumfa.

Akwai kuma korar da ake yi sama. In shirwa ta fara shawagi a kan gida mai 'yan tsaki, uwar kaza kan riga kowa gani. Kukanta na haɗarin sama dabam yake da na haɗarin ƙasa, masu bincike ma sun tabbatar da haka, matan gida kuwa sun daɗe da rarrabewa. Ko daga cikin ɗaki mace ta ji wannan kuka, ba ƙasa za ta duba ba, tana fitowa da tafi da ihu fuskarta na sama.

Akuya ta fi ƙarfin “as”. Ita lissafi take yi: ga nisan da ke tsakaninta da ƙwaryar dusa, ga nisan da ke tsakaninta da mai ƙwaryar. In ta ga za ta samu baki biyu kafin a iso, ko tsawar da za a daka mata ta kai ina, sai ta ci bakin nan biyu. An ce akuya ta yi wayo da yankakken kunne, amma duk mai kiwonta ya san wayon ba ya kwana biyu. Shi ya sa da shuka ta tsiro mai gari kan sa a yi yekuwa, kowa ya kama dabbarsa. Wata ta shiga turke, wata a yi mata talala a bakin hanya, wata dabaibayi, sauran a tara wa makiyayin gari ya fita da su da safe. Tumaki sun fi sauƙi, a juya ɗaya an juya duka. Jaki sai an haɗa da kafaɗa. Raƙumi kuwa, da ke miƙo wuya ta saman shinge, mai shi ake nema.

Inda gwanintar ke kai maƙura shi ne kan shanu. Da damina manyan garkuna kan haura arewa, wajajen Tanut da Gure, su bar wa manoma kudu. Da kaka, ruwan tafkunan arewa ya fara janyewa, sai su gangaro ta burtali, jajayen shanun Bararo masu dogayen ƙahonni, da tumakin Udawa masu gaba baƙi ko ja, baya fari. Sau da yawa sukan iso an girbe gero amma wake na nan kwance shar, dawa ba ta gama nuna ba. Burtalin kuma, a faɗi gaskiya, manoma sun daɗe suna gutsurarsa, kunya ɗaya bana, biyu baɗi. Garke mai yunwa na wucewa ta ƙunci, harawa na ƙamshi dama da hagu.

Ga yaro na tsaron gonar wake a bakin burtali. Makiyayi na can baya yana haɗa kan 'yan maruƙa, sai saniya ɗaya ta ratse, biyu suka bi ta. Wanda bai iya ba zai taso da gudu daga bakin gona yana ihu, ya biyo su ta baya. Saniya in an biyo ta ta baya gaba take yi, gaban kuwa tsakiyar gona ne. Sai a wayi gari abin da kofato ya tattake ya ninka abin da baki zai ci. Wannan kora ce kawai. Abin da ake so a nan kaɗawa ne, wato a juyo da dabba ta koma inda ake so da ƙafarta.

Yaron da ya iya ba ya gudu, ba ya kuma buɗe baki tukuna. Yakan yi kwana mai faɗi cikin sauri, ya shige gonar ta gefe, har ya zama shi ne tsakanin shanun da cikin gona, ya bar musu hanyar burtali a buɗe. Ba ya kula biyun baya. Ta gaban yake nema, don inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Ya nufo ta a karkace, ta wajen da idonta ɗaya ke ganinsa sosai, ya tsaya ɗan gaba da kafaɗarta. Ya riƙe sandarsa a gicciye da hannu biyu, ya ƙara faɗi a idonta. Sa'an nan ne zai saki murya, daga ƙirji, ba daga maƙogwaro ba: “Kai!” Ta ɗaga kai, bakinta da ganye. Ya ƙara taku ɗaya. Ta juya wuya. Da ta juya, sai ya tsaya cak, har ma ya ɗan ja baya. Wannan ja da bayan shi ne abin da ya fi wuyar koyo, don zuciya na cewa a bi ta a ƙara mata. Amma saniyar da aka sassauta wa daidai lokacin da ta yi abin da ake so takan fita a natse, wadda aka ci gaba da matsa wa kuwa takan firgita ta ɓalle ta wani gefen. Suna fita ya bi su a hankali, ya ɗaga murya sau ɗaya:

“Baffa, ga shanunka sun ratse!”

Makiyayin ya yi kira guda, saniyar ta nufe shi kai tsaye. Bafillace da suna yake kiran shanunsa, kowace da nata, bisa launinta ko zuriyar uwarta, sau da yawa ma gaba yake shiga garke na biye. Sandar da ke saɓe a kafaɗunsa ba kasafai take sauka jikin dabba ba. Yaron gona mai hankali ya san muryar mai shanu ta fi tasa tasiri sau goma, saboda haka aikinsa ya tare, ya juyo, ya miƙa.

Abin da yaron nan ya koya a gindin yayyensa, ana koyar da shi a jami'a. Temple Grandin, malamar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ta yi suna a duniya da bayaninsa. Kowace dabba, in ji ta, tana da wata da'ira kewaye da ita: ka shiga, ta matsa, ka fita, ta tsaya. Kafaɗa ita ce ma'auni: ka tsaya bayanta dabba ta yi gaba, ka tsaya gabanta ta ja baya ko ta juya. Idon saniya a gefen kai yake, tana ganin kusan duk kewayenta ban da daidai bayan wutsiya, shi ya sa mai zuwa ta nan ke firgita ta. Saniyar da ta firgita kuma takan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin hankalinta ya kwanta. Da wannan sani matar ta tsara hanyoyin shanu na manyan mayankun Amurka. Nata a rubuce yake da zane, na yaron a ƙafa yake.

Wani zai ce ina amfanin wannan lallami, ga hoge ga sanda? Amsar ita ce dabbar nan da mai ita, kuma tsakanin manomi da mai dabba akwai shari'a tun ba yau ba. Suratul Anbiya ta ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran wannan ƙasa ke karantawa a Risala, ya raba nauyin biyu: ɓarnar dare tana kan mai dabba, tsaron rana yana kan mai gona. Ke nan yaron da ke bakin gona da rana wajibin gidansu yake saukewa. Dokar ƙasa ta zo ta ƙara nata. Kundin dokokin karkara na Nijar, na 1993, ya kafa kwamitocin kula da filaye tun daga gunduma har ƙauye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Wanda aka yi wa ɓarna yana da diyya, wanda aka raunata wa dabba shi ma yana da diyya. Hanyar da aka sani ita ce a koro dabbar lafiya lau zuwa wurin mai gari, a je a ga ɓarnar da shaidu, a ƙiyasta, a yi sulhu. Manomin da ya sari saniya a agara ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Abin kan wuce diyya ma. Mutanen Nijar ba su manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Irin wannan wuta daga bakin gona take tashi, daga jifa ɗaya ko zagi ɗaya. Yaron da ya fitar da shanu uku daga gonar wake ba tare da ya kurje ko ɗaya ba, bai san ya kashe wata wuta ba, kuma ba wanda zai gaya masa.

Ga kuma lissafin ciki. Jigawar wannan yanki ta gaji, ana noma ta kowace shekara ba hutu, takin zamani kuwa ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Tsohuwar dabara ita ce a roƙi makiyayi ya sauka da garkensa a gona da rani, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona ya ba da dammunan hatsi. Saniyar da aka kora a Oktoba ita ake lallashin mai ita a Janairu. Wanda ya kore ta da rotse ya kori takinsa.

Tsuntsu kuwa ba shi da mai shi, ba a kai shi ƙara, ba ya kuma bin burtali. Gero in ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ido, ƙwayarsa na da ruwa fari mai zaƙi. Daga nan har a kai ga girbi, kusan wata guda, gona ba ta kwana da tabbas. Kurciya na tsince a ƙasa, kabare da sauran ƙananan tsuntsaye na kan zangarniya. Sai a kafa gado a tsakiyar gona, gwafa huɗu da itace a gicciye, ya ɗara geron tsawo. Daga gadon a ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona, a rataya musu gwangwanaye da 'yan tsakuwa a ciki, da tsumma, da leda. A zamanin kaset har zarensa ake warwarewa a ɗaura, don yana walƙiya in iska ta kaɗa shi. Mai tsaro ya hau tun kafin rana ta fito, igiyoyi a hannu ɗaya, majajjawa a ɗaya. Jigawa ba ta da duwatsu, sai yara su cura laka su shanya, ita ce harsashinsu.

Sabon shiga geron yake kallo. Gwani itatuwa yake kallo. Tsuntsaye ba sa faɗa wa gona kai tsaye, sukan sauka kan itace tukuna su leƙa. A nan gawo ya yi wa masu tsaro alheri, don shi da damina yake zubar da ganye, duk abin da ya sauka kansa a fili yake. Da mai tsaro ya ga reshe ya yi baƙi, sai ya jira su taso, suna cikin iska ya fizgi igiyar wannan kusurwar kaɗai, ya haɗa da ihu. Taron da ke sama ɗan abu ke juya shi. Wanda ya riga ya sauka ya ɗanɗana kuwa, ko an tashe shi zagayowa zai yi. Haka nan gwani ba ya kaɗa duk igiyoyi lokaci ɗaya, ba ya maimaita ihu iri ɗaya: yanzu gwangwani, an jima tafi, an jima ƙarar majajjawa, wadda in an sake ta da kyau bakin igiyarta kan yi tsawa. Mutum-mutumin da aka kafa aka manta da shi, kwana kaɗan tsuntsaye ke mai da shi wurin hutu, sai ana sauya masa wuri da riga. Aikin na da ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, da kuma la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana tsuntsaye na inuwa ko bakin ruwa, mai tsaro ya sauko ya gasa tumu.

Duk wannan na tsuntsayen yau da kullum ne. Jan-baki wani abu ne dabam. Nauyinsa kimanin giram 20 ne kacal, amma ana ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kowane ɗaya kan ci ko ya ɓarnatar da kimanin giram 10 a yini, ke nan taron miliyan biyu na iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Manoman Haɗeja da Nguru, inda kacala ta cika fadamu ta ba shi makwanci, sun fi kowa sanin baƙin da sama kan yi in ya taso. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, in sun yi ƙaranci ya juyo kan gona.

A nan dole a faɗi iyakar wannan gwaninta. Kora ba ta rage tsuntsu ko ɗaya. Tashinsa take yi daga gonar da ake tsaro zuwa wadda ba a tsaro, wato ta maƙwabci, sau da yawa ta tsohon da 'ya'yansa suka tafi cin rani Kano ko Legas. Manoma sun san haka, shi ya sa ba a son geron mutum ya riga na kowa nuna, ko ya zama shi kaɗai ya rage a fili. In gari ya yi shuka da ruwa ɗaya, ya nuna tare, ɓarnar kan rabu kowa ya ɗauki kaɗan. Masu maiwa da dawa, da ke jimawa a gona, su ke shan wuya. Waɗansu kan nemi sauƙi tun daga iri, su shuka gero mai gashi da ke tsokale wa tsuntsu ido, ko jar dawa mai bauri.

Hukumomi sun gwada hallakawa. Tun 1965 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta yaƙi da fara da tsuntsaye, aka yi ta feshin guba da jirgin sama a kan makwantan jan-baki. Feshi kan ceci gonakin wani yanki a wata shekara, amma yakan haɗa da tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba, jan-bakin kuma ya hayayyafa ya dawo. Ƙasar Sin ta kai abin ƙarshe a 1958, da aka sa jama'a su yi ta kaɗa tukwane da kwanoni don hana 'yan tsuntsayen da ke cin hatsi sauka, har su gaji su faɗo matattu. Tsuntsaye suka ragu, ƙwari suka samu sarari suka far wa gonaki, a 1960 aka janye umarnin. Kabaren da ke cin gero da kaka, da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa.

Kada yabo ya rufe mana ido: tsaron tsuntsu wahala ce, rana da ƙishirwa da kaɗaici, kuma yara ke yinsa. A Ingila ma haka aka yi. Joseph Arch, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan ƙodagon gona ta ƙasar a 1872, daga baya ya shiga majalisa, da korar hankaki a gonar wani ya fara neman abinci yana ɗan shekara tara. A nan, tsaron gero kan faɗo cikin babban hutu, amma na dawa da wake kan ci karo da komawa lakwal a Oktoba, sai uba ya zaɓa tsakanin aji da rumbu. Ban ga laifin wanda ya ce yaro ya tafi aji ba. Sai dai duk mai wannan magana ya kamata ya faɗi wanda zai hau gadon.

Wajen ƙarshen shekara ko farkon sabuwa hukuma kan sa ranar sakin gonaki, bayan an shigar da dammuna, an ɗaure harawa an ɗora kan itatuwa da rufin ɗakuna. Daga ranar dabba na da izinin shiga ko'ina, a kwance turke, a sauke gado. Tsaro ya koma kan lambunan fadama, inda rake da kayan miya ke bayan shingen ƙaya, da kuma kan gawo. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo tun ƙarni na 19, kuma a 2006 masu bincike sun ƙiyasta gonakin da manoma suka sake rayar da itatuwa a cikinsu, a Magarya da Matamaye da Mirya, sun kai kimanin hekta miliyan ɗaya, mafi yawa gawo. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shi ke da ganye, shi ke zubar da 'ya'ya, buhunsu kuma kuɗi ne a kasuwa wurin masu turka. Awaki sun san ƙarar faɗuwarsu, da iska ta taso sai su sheƙa gindin itacen. Mai gona shi ma ya sani, sai ya tura yara da sassafe da buhu da doguwar ƙugiya. Ɗaya na kakkaɓo, ɗaya na tsincewa, ƙaraminsu kuma a ba shi kara a ce ya tare awaki har buhu ya cika, abin da ya rage a ƙasa nasu ne.